Ƙwaya Ɗaya a Turku

Lafiyata ƙalau, shi ya sa suka zaɓe ni.
Sun auna jini, sun auna nauyi,
sun tambaya ko na taɓa jin murya babu mai ita.
Na ce a'a. Na sa hannu a takarda mai shafi tara,
ban karanta na bakwai ba.

Aulikki, ma'aikaciyar jinya mai sanyin hannu,
ta miƙo ƙwaya a ɗan kofin roba,
fara, ba ta kai idon kifi ba.
Na kora da ruwan famfo.
A waje dusar ƙanƙara na sauka kan kogin Aura
kamar wadda ba a jiranta ko'ina.

Bayan sa'a uku sai allura a jijiya.
Sukari ne, in ji ta, an yi masa alama
don a ga inda ƙwaƙwalwa ke ci,
a ga inda ta ture kwano.
Suka zura ni a bakin na'ura, kaina ɗaure:
kar ka motsa, Eerikki, kar ka motsa.

Nan ƙafafuna suka yi tawaye.
Ba ciwo ba ne, ba ƙaiƙayi ba,
tururuwa ce a cikin ɓargo
tana cewa tashi, tashi,
kai kuwa ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.
Na tuno 'yata Vuokko. Fuskar ta zo daidai,
har da giɓin haƙorinta,
amma daɗin da ke rako fuskar
ya tsaya a ƙofa, ya ƙi shigowa.

Da yamma Dakta Rautio ya juyo mini da allo:
ga ni makon jiya, ga ni yau,
murhu biyu, garwashinsu ba ɗaya ba.
Nan ya ƙara ja, can toka ta hau.
Na ce, me ke nan? Ya ɗaga kafaɗa.
Ku goma sha huɗu ne, ba a yanke hukunci da kai guda.
So muke mu raba aikin ciwo da aikin magani.
A kan mai jinya sun gauraye kamar gishiri a miya,
a kanka magani ne kaɗai ke magana.

Ban gaya masa ina da ƙane ba.

Oiva. Shekara goma sha ɗaya yana shan irinta.
Muryoyin sun yi shiru, wannan gaskiya ne,
ya daina liƙe tagogi da jarida, yana barci.
Sai dai kai-komo a kicin ɗin mahaifiyarmu,
daga firji zuwa taga, daga taga zuwa firji,
ni kuwa: zauna mana, kana sa mu jiri!
Ran da na kai masa sabuwar fatsa
ya ce na gode kamar mai karanta rasit.
Wata biyu ina fushi.

Ni kwana biyu ta yi ta sake ni.
Ranar Alhamis kofi ya dawo da ƙanshinsa,
na yi dariya a bas babu dalili.
Suka biya ni. Kuɗin ya isa tayoyin ƙanƙara.

Na hau jirgin fito na haye kogi,
na same shi tsakanin firji da taga.
Ban ce zauna ba. Na tuɓe takalmi, na jera da shi.
Taku shida ne zuwa, shida dawowa.
A zagaye na ashirin ya ce, me ya same ka?
Na ce, na sha taka. Sau ɗaya.

Bai tanka ba sai da muka kai taga.
Ya ce, gara ita da su, ka sani.
Muka juya.
Ya ce, rage sauri, kai baƙo ne.
A nan ba a zuwa ko'ina.